Kandida Libur — Shafi na 9

Na ce Talata zan sako wannan shafi, ga shi yau Asabar. Ba wuta aka ɗauke ba, ba kuma rezon waya ne ya gudu ba. Barci ne ya kwashe ni da waya a kan tumbi, tumbin kuwa ya isa ya riƙe ta. Masu aiko mani saƙo suna tambaya wace makaranta ce Tudu, wace ce Gangare a nan Madarunfa, ku bar wahalar da kanku. Ni na raɗa masu suna. Ina da ƴaƴa a lakkol, ba na neman a huce a kansu.

Inda muka tsaya: Abarshi dillalin awaki ya cire ɗiyarsa Rahama daga kwalejin Gangare, inda ƙanin matarsa Mushe Illo (Mushe muke kiran malamin lakkol a nan) ke koyarwa, ya kai ta kwalejin Tudu. Tun daga ranar shi da Illo ba su sake zama tabarma ɗaya ba sai a wurin gaisuwar mutuwa.

*

Abarshi na kishingiɗe ƙarƙashin itacen bedin ƙofar gidansa bayan la'asar, yana ba ƴan fada labarin da suka riga suka haddace. Kabo, abokinsa tun na ƙuruciya, na fifita gawayin shayi yana gyaɗa kai. Shi ya ci cinyar zabon da Abarshi ya yanka don murnar wannan labari, don haka bai ga dalilin musu ba.

"Direktan Tudu da bakinshi," in ji Abarshi. "Ya ce mani, Alhaji..."

"Yaushe ka tahi Makka?" in ji Kabo.

"Shi ya hwaɗa, ba ni ba. Zan tsaya gyara ma direkta magana? Ya ce, Alhaji, ɗiyarka mun maishe ta kandida libur. Ta zamna gida ta yi karatunta a natse. Ranar bepese ta zo ta rubuta abinta."

Bepese ita ce jarrabawar fita kwaleji. Ƴaƴan Abarshi manya duk a hanya suka zube, Rahama kaɗai ta kai ajin ƙarshe. Shi ya sa ko a kasuwa, yana riƙe da kunnen akuya, sai ya san yadda ya jawo zancen.

"Sake hwaɗa muna ma'anar libur ɗin," in ji Kabo. "Akwai waɗanda ba su nan jiya."

Abarshi ya tashi zaune, ya gyara hula.

"Kun taɓa hawa kabu-kabu? In mai babur ya kashe inji, babur na tahiya da kanshi, ba mai, ba ƙara, mi suke cewa? Ya sake shi libur. To haka kan yarinyar nan ya zama. Ya kai inda ba ya bukatar mai. Malamai sai su tsaya su ji da sauran jakkai."

Babur ɗin da ya tsaya gindin bedin a daidai lokacin ba libur ya zo ba. Da ƙara ya zo, da hayaƙi.

Mushe Illo ya sauka, farin alli a gefen wandonsa. Ya yi sallama, ya bi kowa ya ba shi hannu. Da ya zo kan Abarshi, kan yatsu kawai suka taɓa.

"Yaya Abarshi, ina wuni."

"Lahiya lau, Mushe. An taso daga garke?"

"An taso."

"Na ɗauka awaki sun cinye ajin, an ba ku hutu."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Kowa ya san azuzuwan Gangare na zana ne da kara, kuma dabbar da ta bi ta wurin da yunwa ba ta wucewa haka nan.

Illo ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba.

"Ai awakinka ne, Yaya. Su kaɗai ne a gidanka ke zuwa lakkol kullum."

Dariyar ta tsaya.

"Mi kake nuhi?"

"Gaisuwa na zo yi."

"To ka gaisa. In kuma neman magana ka zo, akwai ta." Abarshi ya ɗaga hannu ya fara lanƙwasa yatsu. "Tudu katanga gare ta. Ƙohwar ƙarhe. Tuta. Pampo tsakiyar hili. Mai gadi da sanda. Ku mi gare ku? Kara da igiya."

"Katanga na koyar da lissahi?"

"Tana hana jaki shiga aji."

"Ba ta hana ba. Na ga wasu iyaye na shiga."

"Kai, Mushe," in ji Kabo. "Mijin yayarka ne hwa."

"Na san ko wane ne. Shi ne bai san ko ni wane ne ba." Illo ya juya ga sauran mutane, kamar yana gaban allo. "Ku tambayi duk yaron da ke Tudu. Na bayan aji bai san kamannin malami ba, murya kawai yake ji. An cushe su kamar buhun gyaɗa. Ɗakin gwajin kimiyya da aka gina masu, ranar da aka buɗe shi da kiɗa ranar aka kulle shi. Yanzu wake ne ciki."

"Waken wa?" in ji Kabo.

"Tambayi mai makulli."

"Gara su, suna da inda za su aje wake," in ji Abarshi. "Ku ba ku shiga aji sai an gama girbi kun roƙi kara gida-gida. Hadari na tasowa kun kwashi littahi kun gudu. Shekarar karatunku ko rainon ɗan akuya ba ta isa ba."

"Cikin karan nan aka koya ma ɗiyarka karatu."

"Cikin karan nan kunama ta harbe ta."

"Ta warke."

"Bar zancen gini ma." Abarshi ya matso, ya buga tafin hannu a tabarma. "Bara nawa kuka ci a bepese? Tudu sam-pur-san. Ɗari bisa ɗari, ba wanda ya hwaɗi. Garin nan kowa ya ji. Ku hwa? Rabi ma ba ku kai ba. Hwaɗa in ƙarya nake."

Kabo ya miƙa wa Illo ƙaramin kofin shayi, ko bakinsa zai samu abin yi. Illo ya kurɓa, ya aje kofin a hankali.

"Yauwa. Nan nake so mu zo."

"To ga mu."

"Kai dillali ne, Yaya. In baƙo zai zo daga Maraɗi duba garke, cikin garken akwai akuya mai ɗingishi, yaya kake yi da ita?"

Abarshi ya yi murmushi. An taɓo inda ya fi kowa.

"Wannan ko yaro ya sani. A ja ta bayan gida a ɗaure, sai mai saye ya tahi."

"In ya duba, duk lahiyayyu zai gani."

"Duka."

"Ɗari bisa ɗari."

Mafici ya tsaya a hannun Kabo.

Murmushin Abarshi ya ɓace. 

"Libur ba yabo ba ne," in ji Illo. "An yi masu jarrabawar gwaji. Duk wanda aka ga alamar zai iya hwaɗuwa, sai a zare sunanshi daga na makaranta, a ce ya tahi ya rubuta da ƙashin kanshi. In ya ci, sa'arshi. In ya hwaɗi, ba ɗan Tudu ba ne, ɗan titi ne. Haka ake dahwa sam-pur-san ɗin da kake taƙama da shi. Rahama ba ta cikin garke, Yaya. Tana bayan gida a ɗaure."

"Ƙarya kake."

"To."

"Hassada ce. Tun da na cire ta wurinku kake neman abin hwaɗi."

"To."

"Direkta ya ba ni kujera! Ya sa aka kawo mani ruwan sanyi!"

"Kai ba ka ba mai saye ruwa?" Illo ya karkata kai. "Na ji ka daga bakin hanya kana zancen babur mai tahiya libur. Ka taɓa ganin ya hau tudu? Gangare yake yi, Yaya. Har ya tsaya."

Abarshi ya miƙe tsaye, tabarma ta naɗe a ƙafarsa.

"Tashi ka bar mani ƙohwar gida. Wa ya kira ka?"

"Ni na kira shi, Malam."

Tani ce, matar Abarshi, tsaye a bakin zaure, mayafinta a karkace. Ba ta taɓa fitowa ta sa baki a zancen fada ba. Mutane suka sunkuyar da kai kamar su aka kama.

"Koma ciki."

"Zan koma. Amma amsa mani. Zabon da ka yanka, ka ga ta ci?"

"Ta ce cikinta ke ciwo."

"Kullum cikinta ke ciwo. In ka hita kasuwa sai ta ɗauki littahi ta buɗe, ta yi ta kallon shahi ɗaya har azahar. Na ce mi ke damunki, ta ce ba komi. Wanda aka ba girma ba haka yake zama ba. Ni ban yi lakkol ba, amma ni na haihe ta."

"In da wani abu ai da ta hwaɗa mani."

"Ta hwaɗa maka yaushe? Kahin ta buɗe baki ka gaya ma kasuwa, ka gaya ma masallaci, ka aika garin Gabi an gaya ma gwaggonta. Ta zo ta ce maka zabon nan na kora ne?"

Kabo ya kawar da kai, ya shiga gyara gawayin da ba ya bukatar gyara.

"Ban gama ba," in ji Illo. "Ɗan makaranta in ya hwaɗi, yana da ajin da zai maimaita. Libur ba shi da aji. In ta hwaɗi bana, shi ke nan, karatu ya ƙare. Kuma ɗan makaranta, makaranta ke kai takardunshi wurin jarrabawa. Libur shi ke kai nashi. Ka kai nata?"

Abarshi ya sosa ƙeya.

"Ka kai?"

"Ba wanda ya ce mani in kai."

"To an kusa ruhe karɓar takardu."

Abarshi ya koma ya zauna. 

Fuskar direktan Tudu ta dawo masa. Wannan murmushi mai faɗi, wannan riƙe hannu da hannu biyu, wannan rakiya har bakin ƙofa. Ya san murmushin nan. Nasa ne. Shi da ya yi furfura yana sayar da tsohuwar akuya da sunan budurwa, yau an shafa masa nasa man, ya dawo gida yana ƙamshi, har da yanka.

Ya dubi ƙasa. Ya dubi Tani. Bai dubi Illo ba, amma da shi yake.

"To... in ta koma wurinku hwa?"

"Wurinmu ina?"

"Ka sani."

"Ban sani ba. Hwaɗi sunan."

"Gangare."

"Au, garken awaki?"

"Illo," in ji Tani.

"Yaya Tani, ki bari." Muryarsa ta canza, ba ta wasa ba ce kuma. "Ranar da ya zo ɗaukar ta, ina tsakiyar darasi. Ko sallama bai yi ba. Ya ɗaga zana ya shigo, ya kama hannunta, ya ce ba zai bar ɗiyarshi a garken awaki ba. A gaban ɗalibaina. Kin san har yau in na juya baya ina rubutu a allo, akwai mai yi mani meee? Har yau. Ban gano ko wane ne ba."

Wani daga ƴan fada ya yi tari don ya danne dariya. Illo ya harare shi, tarin ya warke.

"Ɗiyarka ce ita ma," in ji Tani. "Ka ji tsoron Allah."

"Ina jin tsoronshi. Shi ya sa ban ce ya durƙusa ba." Ya juya ga Abarshi. "A gaban mutane ka zagi makarantarmu, a gaban mutane za ka wanke ta. Hwaɗa masu wadda ta hi tsakanin Tudu da Gangare. In ka hwaɗa, sai mu yi magana."

"Ni za ka sa karatu?"

"Aikina ne."

"Lokacin da na auri yayarka ko wando ba ka da shi."

"Yanzu ina da shi."

 Abarshi ya dubi mutanen da ke zaune. Duk wanda ke nan, gobe kasuwa za shi, kuma ba kaya kaɗai zai kai ba. Kafin a tashi cin kasuwa, daga masu kifin bakin tabki har ƴan amalanken Safo, kowa zai ji cewa Abarshi ya haɗiye maganarsa a ƙofar gidansa. Dillalin da aka san an taɓa yi wa wayo, ba mai sake ba shi igiyar akuya da ido rufe.

Sai ya ji motsi a cikin zaure, bayan Tani. Ƙarar kwano da aka aje a hankali. Ya san tafiyar ɗiyarsa.

Tana ji.

Ya share maƙogwaro.

"Gangare ta hi," ya ce, can ƙasa.

"Ban ji ba."

"Ni na ji," in ji Kabo da sauri. "Wallahi ya hwaɗa. A bar shi haka."

"Kai zabo ka ci," in ji Illo. "Shaidarka ba ta karɓuwa."

Abarshi ya dafa gindin bedi ya miƙe. Ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ɗaga murya yadda yake yi in yana kiran farashi, har mata masu dawowa daga pampo suka tsaya da bokitai a ka.

"Jama'a ku shaida! Gangare ta hi Tudu! Kara ya hi siminti! Zana ta hi katanga! Mushe Illo malami ne, ba makiyayi ba! Ni ne jakin!"

"Ban ce ka ƙara na ƙarshen ba."

"Gyara ce. Ba na sallama ba gyara."

Ba wanda ya yi dariya. Abarshi ya mayar da hula. Tani ta goge ido da bakin mayafi.

"Na biya," ya ce. "Saura kai."

 Illo ya ɗauki kofin shayin da ya riga ya shanye, ya kai baki.

"Rahama!" Abarshi ya yi kira. "Hito nan."

Ta fito daga bayan uwarta, hijabi har ƙasa, ta durƙusa gefen tabarma. Ta rame. Sai yanzu ya gani, shi da ke gane ramar akuya daga nesa.

"Ina wuni, Kawu."

"Lahiya, Rahama."

"Haɗa littattahanki," in ji Abarshi.  "Gobe ki bi kawunki. Kin koma Gangare. Can za su sa sunanki cikin na makaranta, su kai takardunki. Abin da ya wuce ya wuce."

Ba ta motsa ba.

"Ba ki ji ba?"

"Na ji, Baba."

"To tashi."

Ta ɗago ido ta dubi kawunta. Kawun yana duban makullin babur da ke hannunsa, yana juya shi kamar yau ya fara ganinsa.

"Baba, na riga na je."

"Ina?"

"Gangare. Tun satin da aka sallamo ni."

"Ke kaɗai?" in ji Tani. "Ba ki gaya mani ba?"

"Na ce in an karɓe ni sai in hwaɗa. Na samu direktansu, na durƙusa, na roƙe shi."

"Mi ya ce?" in ji Abarshi.

"Ya ce sun gaji da gorin da ake masu a gari. Bana su ma sam-pur-san suke nema. Ragewa suke yi, ba ƙari ba."

Abarshi ya juya a hankali.

"Mushe?"

"Yarinya ce," in ji Illo da sauri. "Ba ta gane yadda ake..."

"Ka san da wannan?"

"Na ce sai mu yi magana. Ban ce..."

"Ka san da wannan ka tsaida ni gaban mutane?"

"Yaya, abin ba haka yake ba. Mu ba irin Tudu ba ne. Mu ba mu zubar da ɗalibi, duk wanda..."

"Kawu," in ji Rahama. Ba ta ɗaga murya ba. "Tare da Mansur muka shiga ohis. Ni aka ce ba wuri. Shi aka ce ya zamna gida ya yi karatu a natse. Shi ma libur ne."

Makullin ya faɗi a kan tabarma.

Mansur ɗaya ne kawai a ajin ƙarshe na Gangare. Ɗan Mushe Illo ne na fari.